Me ya sa hanyar da gireda ta gyara take lalacewa tun a ruwan farko?

Tambaya: Wani bawan Allah, wanda shi ne ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinsu, ya aiko da tambaya a kan hanyar burji mai tsawon kilomita 7 da ta haɗa garin nasu da bakin kwalta. Ya ce shekara uku ke nan a jere suna tara kuɗi su ɗauko hayar gireda a watan Maris, ta yi kwana biyu tana aiki, hanya ta yi sumul, amma kafin watan Agusta ta koma gidan jiya, ramuka da gargada da kwazazzabo a tsakiyarta. Yanzu wasu daga cikin dattawan ƙungiyar suna ganin gara a daure a sayi tsohuwar gireda ta zama tasu. Yana neman a bayyana masa inda matsalar take, da kuma ko sayen zai fisshe su.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka muku da alheri bisa wannan hidima da kuke yi wa jama'a. Tun kafin mu yi nisa zan faɗa muku ra'ayina: bisa abin da kuka bayyana, ba rashin mallakar gireda ne yake damunku ba, yadda ake aikin da lokacin da ake yin sa su ne suke cinye muku kuɗi, kuma idan kuka sayi taku aka ci gaba da aiki da ita a kan wannan tsari, sakamakon ba zai sauya ba, sai dai ku ƙara wa kanku nauyin makaniki da albashin direba.

Yawancin mutane suna ɗaukar gireda a matsayin injin share hanya ta yi santsi, alhali ainihin aikinta shi ne ba wa hanya siffar da za ta sa ruwa ya bar kanta da wuri. Babban abokin gabar hanyar burji ruwa ne, ba mota ba. Idan ruwa ya kwanta a kan hanya ya jiƙa ƙasar, sai ta yi laushi, taya ta bi ta kai ta kwashe ɗan abin da ya yi laushin, wurin ya zama ƙwarya, ruwa na gaba ya samu mazauni mafi girma, a haka ƙaramin lotsi yake zama ramin da yake kafe tifa. Maganin wannan shi ne hanya ta kasance mai doro, wato tsakiyarta ya fi gefunanta tsawo, tana gangarowa hagu da dama kamar rufin kwano. A hanyar kwalta gangaren kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 ya wadatar, saboda ruwa yana zamewa a kanta, amma hanyar burji tana buƙatar kashi 4 zuwa 6. A lissafi mai sauƙi, idan faɗin hanyarku mita 6 ne, daga tsakiya zuwa kowane gefe mita 3 ke nan, don haka ya kamata tsakiyar ta ɗara gefe da santimita 12 zuwa 18. Ba sai an kira safiyo ba kafin a auna wannan. A samu miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 3, a ɗora kansa ɗaya a tsakiyar hanya, a daidaita shi da ma'aunin nan na magina mai ƙwayar ruwa a ciki, sannan a auna tazarar da ke tsakanin ɗaya kan da ƙasa. Idan kuka je kuka gwada a hanyarku yau, ina kyautata zaton za ku tarar da ita a shimfiɗe kamar tabarma, ko ma tsakiyarta ya faɗa ya zama shi ne magudanar ruwan, domin kwazazzabon da kuka ce yana fitowa a tsakiya ba shi da wata fassara sai wannan.

Ƙirar injin kanta tana nuna abin da aka yi ta dominsa. Gireda doguwa ce, tayoyi biyu a can gaba, huɗu a baya ƙarƙashin injin, tsakaninsu akwai tazarar kusan mita 6, wuƙar kuma tana rataye a tsakiya. Amfanin wannan tsawo shi ne idan tayar gaba ta hau wani tudu, wuƙar ba za ta ɗagu da dukan tsawon tudun ba sai kusan rabinsa, su kuma tayoyin baya an haɗa su biyu-biyu a kan wani akwati mai lilo, wanda yake ƙara rage motsin. Shi ya sa katafila, wadda wuƙarta take a gaban hancinta, ba za ta taɓa yin aikin gireda ba duk ƙarfinta, ita ture ƙasa ta iya. Wuƙar gireda, wadda yawanci faɗinta ƙafa 12 ne ko 14, wato mita 3.7 ko 4.3, tana maƙale a jikin wani babban zobe mai haƙora, kuma da shi direba yake juya ta, ya ɗaga gefe ɗaya ya sauke ɗaya, ya zame ta hagu ko dama, har ya fitar da ita gefe ya miƙar da ita don yanke gangaren gaɓa. Wanda ya lura zai ga tayoyin gaba suna kwantawa gefe kamar sun karye. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi su haka don su tare ƙarfin da ƙasa take yi na jan kan motar gefe idan wuƙa tana yanka a karkace. Wannan dabara ta girmi injin ma, domin wani Ba'amurke mai suna J.D. Adams ne ya fito da ita a 1885 a kan gireda da dabbobi suke ja. Kamfanin Russell ya fara haɗa mai tafiya da kanta wajen 1920, Caterpillar ya saye Russell a 1928, ya fitar da tasa a 1931, sannan a 1973 ya kawo jerin G masu gaɓa a tsakiya da take ba motar damar lanƙwasa. Irin su 12G da 140G da har yau ake gani a wuraren aikin hanya a ƙasar nan daga wannan zuri'a suke.

Yanzu mu dawo kan watan Maris, wanda a ganina shi ne babban kuskuren. A wannan lokaci burji ya bushe ƙamas ya yi tauri kamar siminti, wuƙa ba ta iya shigarsa sai ta riƙa kankare samansa, abin da ta kankaro kuma gari ne da ƙura. Direba sai ya tura wannan garin ya cika ramuka da shi, ido ya ga hanya ta yi kyau, a tafa masa, a sallame shi. Amma ramin yana nan a ƙasa da bakinsa mai tauri kamar tukunya, busasshiyar ƙasa kawai aka zuba a ciki ba a danne ba. Motoci za su kwashe wani sashe ya tashi ƙura ya sauka a gonaki, ruwan farko ya wanke sauran. Abin da ya fi muni shi ne ƙurar nan da take tashi ita ce laka mai laushi da take riƙe tsakuwa wuri ɗaya, idan ta tafi sai a bar tsakuwa zalla tana yawo ƙarƙashin taya, daga nan ne gargada take samuwa, musamman a wuraren da ake taka birki ko ake ƙara wuta, kamar kwana da hawa da shigowa gari. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki da aka yi irin wannan cikin gaggawa saboda ana jiran baƙi, na sa ƙafa na tona inda na san da akwai rami kwana biyu da suka wuce, takalmina ya nutse har idon sawu cikin gari, a ƙasa kuma na taɓo tsohon bakin ramin yana nan yadda yake. Mako uku bayan saukar ruwa duk ramukan suka dawo a gurabensu na da, babu wanda ya ɓata.

Ƙasa ba ta yankuwa ta kuma dannu sai tana da danshi daidai gwargwado. Gwajin da ma'aikata suke yi a wurin aiki shi ne a ɗebi ƙasar a dunƙule ta a hannu: idan ta cure kamar curin fura, ba ta manne wa tafi ba, aka kuma karya ta ta rabu gida biyu ba ta watse ba, to ta yi, idan ta zube ta bushe da yawa, idan ta bar taɓo a hannu ruwan ya wuce kima. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da babban gyara a yankinmu shi ne ƙarshen damina, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ƙasa take da sauran danshin da Allah ya ba da kyauta, kuma a daidai lokacin ne ake buƙatar hanyar don fito da amfanin gona. Idan dole sai an yi da rani, to tankar ruwa ta zama wajibi, kuma ba yayyafi ake nufi ba, jiƙawa ce ta sosai tun daren jiya. Kafin faɗuwar damina kuma, wajen Mayu, aikin da ya kamata a yi shi ne buɗe magudanai da yashe kwalbatoci, wanda mafi yawansa matasan gari za su iya yi da shebur da diga.

Ga yadda aikin yake tafiya idan ana so ya daɗe. Direba yana farawa ne daga gefe, ya sa ƙarshen wuƙa ya yanke magudana a kowane ɓangare, ya janyo ƙasa mai kyau da ta gangara can ya dawo da ita kan hanya, amma ban da ciyawa da shara da baƙar laka, waɗannan waje ake tura su. Sannan ya sauke haƙoran da suke ƙarƙashin motar ko a bayanta ya farfasa saman hanyar har zuwa gindin rami mafi zurfi, domin duk ramin da ba a kai ga gindinsa ba zai dawo. Daga nan sai a jiƙa, ya tattara ƙasar ta zama doguwar kunya kamar ta gona, ya juya ta daga wannan gefe zuwa wancan har tsakuwa da laka da ruwa su gauraya, sannan ya baje ta yana gina doron daga gefe zuwa tsakiya. A lokacin wannan aiki wuƙar tana karkace ne da kusan digiri 30 zuwa 45, samanta ya ɗan rinjayo gaba da bakinta kamar santimita 5, don ƙasar ta riƙa mirginawa a jikinta tana fita ta gefe. Idan aka kwantar da ita baya da yawa ƙasa takan taru ta ƙi juyawa, idan aka kifa ta gaba da yawa sai ta koma kankara kawai. Gudun motar bai kamata ya wuce kilomita 5 zuwa 8 a awa ba, wato kaɗan ya fi tafiyar mutum. Direban da yake sauri don ya gama ya tafi, motar takan fara tsalle da shi, wuƙar ta riƙa sara ƙasa tana barin tudu da kwari, ya zama da hannunsa ya shuka gargadar da aka kira shi ya cire. A ƙarshe rola ta bi ta danne, tana farawa daga gefe tana hawowa tsakiya don kada ta rushe doron. Aikin gireda da ba a bi shi da rola ba rabin aiki ne, kuma idan kuka duba tsawon hanyarku da yawan zuwa da dawowar da kowane yanki yake buƙata, za ku ga kwana biyu ba su isa a yi wannan a kilomita 7 ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da nake so ku sa wa ido, domin su ne suka fi kashe hanya a ɓoye. Na farko shi ne 'yar kunyar ƙasa da direba yakan bari a bakin hanya bayan wucewarsa ta ƙarshe. Ko da tsawonta bai wuce yatsu huɗu ba, ta isa ta hana ruwa faɗawa magudana, sai ya bi gefen hanyar yana gudu yana cinta. Na biyu shi ne bakin wuƙar: ƙarfe ne daban da ake ɗaurewa da kusoshi, kuma tsakiyarsa ya fi saurin cinyewa. Idan ya cinye ya yi baka, doron da zai fitar zai zama mai faɗin kai, shimfiɗaɗɗe a tsakiya mai gangare a gefe kawai, ruwa kuma ya kwanta a daidai inda tayoyi suke bi. Kafin a fara aiki ku ja igiya daga wannan ƙarshen bakin wuƙar zuwa wancan, za ku gani da idonku. A kwana kuma ba a yin doro, hanyar gaba ɗaya ake karkatar da ita zuwa cikin kwanar. Magudanar gefe ma ba a barinta ta yi ta tafiya da ruwa ba iyaka, ana yanka mata ƙananan rassa lokaci-lokaci da za su kai ruwan daji, kuma gwargwadon tsananin gangare gwargwadon kusancin rassan. A nan sai an zauna da masu gonakin da ruwan zai bi, in ba haka ba za su toshe su da daddare, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Sai dai gireda ba ta ƙirƙirar ƙasa. Idan shekaru sun cinye burjin har an kai ga rairayi ko laka ta asali, babu gwanintar direba da za ta yi magani, sai an kawo sabo. Lissafinsa a fili yake: kilomita ɗaya mai faɗin mita 6 da kaurin santimita 15 bayan an danne yana cin kubik mita 900 na burji (awon tsawo da faɗi da zurfi), wanda kafin a danne shi yake haura 1,100, wato sama da sawu 100 na tifa mai ɗaukar kubik mita 10. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa nake ba da shawarar a bi hanyar a ƙafa bayan an yi ruwa mai ƙarfi, a sa alama a wuraren da suke kafe mota, a zuba sabon burji a nan kaɗai. Inda hanya ta ratsa fadama ko ta gitta rafi, ciko da kwalbati ake buƙata. Masu baƙar lakar nan mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin ta yankin Dikwa da Gamboru Ngala, nasu ya fi haka wuya, domin sai an ɗaga hanyar sama da ƙasar da aka kawo daga wani wuri.

Game da saye kuwa, gireda matsakaiciya irin 140G tana da nauyin tan 13 zuwa 14 da ƙarfin doki kusan 150, an yi ta ne don ta yi aiki kusan kullum. Hanyarku ba za ta ba ta aikin da ya wuce mako biyu ko uku a shekara ba, sauran watannin tana ajiye, batir yana mutuwa, robobin haidurolik suna bushewa, tayoyi shida suna tsagewa a rana. Sai dai idan kuna da niyyar mayar da ita sana'a kuna ba da haya, wannan kuma kasuwanci ne daban mai buƙatar amintaccen mai kula da ita. Idan har kun tsaya a kan saye, kada ku dogara da fenti ko agogon awoyi, domin duka biyun ana sauya su. Ku je da makanikin manyan injuna, a sauke wuƙa a danna ta ƙasa a ga yawan wasan da zoben yake yi, a duba haƙoransa, da ƙwallon da ya riƙe shi a gaba, da fil ɗin gaɓar tsakiya, da man akwatunan tayoyin baya inda sarƙa take, a nemi alamar walda a jikin ƙashin bayan motar, a kuma bar ta ta yi aiki awa guda cur tana yankan ƙasa har ta yi zafi, saboda yoyon mai da raunin giya ba sa bayyana a sanyi. Ku yi hattara da sababbin samfura da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, masu na'urar tace hayaƙi, domin an ƙera su ne don man dizal mai tsabta ƙwarai, kuma gyaransu sai da kwamfuta. Shi ya sa irin su 140K na Caterpillar, da aka yi don kasuwanni irin namu, suka fi karɓuwa a Afirka. Akwai kuma Komatsu na Japan, da na Sin irin su XCMG da SDLG da Shantui waɗanda suka fi araha, kuma a kowanne abin tambaya shi ne ko za a samu filta da bakin wuƙa da famfon haidurolik a kusa, da makanikin da ya san cikinta. Da hunturu ƙura takan toshe filtar iska cikin 'yan kwanaki, giris kuwa kullum ne kafin a tayar.

Akwai wata hanya ta tsakiya da ba a cika kula da ita a wajenmu ba, wato ƙaramar gireda marar inji da taraktar noma take ja. An daɗe ana kula da hanyoyin karkara da ita a Zimbabwe da Kenya. Ba za ta fasa busasshen burji ba, amma idan babbar gireda ta riga ta fitar da doro da magudana, ita ta isa ta riƙa maido da siffar sau biyu ko uku a shekara bayan an yi ruwa, kuma makanikin tarakta na gari zai iya gyara ta.

Abin da nake ganin ya fi muku a bana shi ne ku haɗa kuɗin shekara biyu ku yi aiki ɗaya cikakke a watan Oktoba, da gireda da rola da tankar ruwa tare, bayan kun sanar da sashen ayyuka na ƙaramar hukumarku, tunda irin wannan hanya a ƙarƙashinta take, kuma wataƙila su ba ku ma'aikacin da zai tsaya a kan aikin. Ku bincika ko jiharku tana cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya yake tallafawa, ku kai sunan hanyarku. Wajen ɗaukar haya ku fi tambaya a kan direban fiye da motar, ku je ku ga wata hanya da ya yi wadda ta riga ta ci damina guda. Yarjejeniyar kuma kada ta zama ta kwana, ta zama ta kilomita da aka kammala, a rubuta wanda zai sayi mai da wanda zai biya kuɗin tirelar da za ta kawo motar, a rubuta tsawon doro da zurfin magudana, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin sai an bi hanyar da katakon nan da ma'auni an gwada kowane mita 100. A sa manya biyu su riƙa kore yara daga bayan motar, domin direba ba ya ganin abin da yake dab da tayoyin baya idan zai ja da baya, a kuma nuna masa tun farko duk inda aka binne bututun ruwa a bakin gari.